Aminin Martoyo

Pak Dirjo, wato Malam Dirjo, na cikin shanya wasu wasiƙu a kan tabarma, saboda laimar damina, sai ya ji kururuwa daga bakin kogi. Bai ɗaga kai ba. Tun da Japanawa suka sha kaye, samarin garin suke bi gida-gida da masun gora, suna zaƙulo duk wanda ya taɓa yi wa Turawan Holan aiki. Shekaranjiya magatakardan masana'antar sukari suka ja har gaɓar ruwa. Ba a sake ganinsa ba.

Gidan Dirjo kuwa ba wanda ya taɓa. Wasiƙun nan ne katangarsa.

Duk garin an san sunan Martoyo, marubucin barkwancin da ya riƙa yi wa Turawa shaguɓe a jarida, har suka gaji suka jefa shi jirgin ruwa zuwa wani dajin fadama can gabas, inda zazzaɓi ya kashe shi. An ƙone jaridunsa. Abin da ya saura na hannunsa shi ne wasiƙun da ya rubuto daga can, kuma suna cikin gwangwanin biskit a ɗakin Dirjo.

Ranar da samarin suka fara zuwa, shugabansu Gunadi ya ɗora masa tsinin gora a maƙogwaro, ya tambaye shi inda ya koyi yaren Holan har ya fi na uwarsa iyawa. Dirjo bai yi gardama ba, gwangwanin kawai ya buɗe ya karanta musu:

"Barkono, sauron nan ya fi gwamna ladabi. Shi yakan yi sallama a kunne kafin ya sha jini."

Suka fashe da dariya, suka jingine masunsu. Ya ce musu Barkono laƙabinsa ne tun suna yara, shi da Martoyo. Daga ranar ya zama Baba, aminin gwarzo. Da la'asar sukan zo da soyayyar ayaba su zauna ya karanta musu. Ya haddace wasiƙun kaf, ya san inda ake dariya, ya san layukan da ake tsallakewa.

Wata rana Gunadi ya ɗaga takarda ɗaya sama, ya leƙa ta cikin huda biyun da ke gefenta. Kowace wasiƙa na da su, daidai wa daida, kamar na takardun fayil a ofis.

"Gara ce," in ji Dirjo.

"Lallai garar gidanka ta yi makaranta, Baba."

Aka yi dariya. Bayan nan Gunadi ya yi tafiya, ba wanda ya faɗi inda ya nufa.

Yanzu kururuwar bakin kogi ta lafa. Dirjo ya ji takun ƙafafu da yawa a cikin taɓo, suna tahowa ba gaggawa. Ya tattara wasiƙun, ya gyara zaman zanensa.

Gunadi ne ya fara shigowa, ƙafar wandonsa jiƙe da ruwan kogi. Sauran ba su zauna ba yau, suka tsaya a bakin ƙofa da bayan taga. Babu ayaba a hannun kowa. A tsakiyarsu akwai wata dattijuwa siririya, da koɗaɗɗiyar riga da laimar takarda.

"Baba, mun kawo maka baƙuwa daga nesa. Tana son jin Martoyo."

Dirjo ya dube ta. Fuska ce irin ta dubban matan ƙauye, ba ta tuna masa da kowa ba. Ya zuba mata shayi mai zaƙi, ya zaɓo wasiƙar da ba ta taɓa ba shi kunya ba.

"Barkono, kullum akwai nama a shinkafarmu. Illarsa ɗaya, da ƙafarsa yake yawo a kwano."

Ba wanda ya yi dariya. Ruwa ya fara sauka a kan rufi. Ya karanta ta biyu, ya karanta ta uku, muryarsa na ƙara siranta. Dattijuwar ba takardar take kallo ba, bakinsa take kallo.

"Idonka ya yi tsalle," ta ce a hankali. "Koma baya ka karanta wanda ka bari."

"Ba wani abu ba ne, Inna. Maganar gida ce."

"Karanta, Baba," in ji Gunadi.

Dirjo ya koma baya ya karanta. "Barkono, an gyara rufin madafin nan kuwa? Yarinyar ta fara tafiya?"

"Ashe kana da 'ya, Baba?" in ji Gunadi. "Ba ka taɓa faɗa mana ba."

"Ta rasu," in ji Dirjo da sauri. "Tun tana goye."

Dattijuwar ta ajiye shayin da ko kurɓa ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta zare wasiƙar daga yatsunsa, ta shafa rubutun da tafinta, ta daɗe tana shafawa.

"Ba ta rasu ba," ta ce. "Ta yi tafiya, ta yi aure, har ta haihu. Ni na haife ta, ni ce Barkono."

Sannan ta juya wajen Gunadi.

"Ɗana, ka tambaye ni a hanya ko na san aminin mijina. Na san shi sarai. Shi ne ma'aikacin da ke bayan taga a ofishin 'yan sandan Turawa, wanda duk wata yake duban idona ya ce mini Martoyo bai rubuto ba."