Notin da Ya Rage a Aljihu

Ka ce ka je wurin likita ka gaya masa rabin ciwonka, ka dawo gida da rabi, wai kunya. To gyara zama ka ji abin da ya faru da wani malamin dabbobi.

Shi wannan mutum a wani gari yake a kan dutse, aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura, kuma shekara da shekaru ƙafa ce motarsa. Ana nan sai ƙanensa da ke birni ya aiko masa da keke irin na hawan duwatsu, mai kaurin taya, mai giya, a cikin kwali, ba a gama haɗa shi ba: tayar gaba daban, sirdi daban, feda a ƙulle cikin 'yar jaka. Maimakon ya kai wa masu sana'ar, sai ya ce mutumin da ke kayar da bijimi ai keke ba zai gagare shi ba. Ya baje kaya a tsakar gida, ya ɗaura wannan, ya murɗa wancan. Sifanar ma ta aro ce, kuma ta yi wa notunan girma, inda ta ƙi kamawa sai ya ƙarasa da yatsa. Keke ya tashi tsaye gwanin sha'awa. Sai da ya zo kakkaɓe kwali, noti ɗaya ya faɗo. Ya jujjuya shi, ya duba keken sama da ƙasa bai ga gurbinsa ba. Ina zai gani, alhali ledar da aka naɗe ƙarafan da ita tun daga kamfani ko ɗaya bai cire ba? Ka san halinmu, sabon abu ba a cire masa leda sai ta tsufa ta faɗi don kanta, kada wani ya ce na hannu aka saya. Ya ce ƙila gyara suka saka masa, ya jefa notin a aljihu.

Ranar kasuwa ya sa farar riga, ya turo keke yana amsa barka. Ita kuwa kasuwar a gindin dutsen take ci, kuma hanyar guda ce: gangare mai tsawo, a tsakiyarsa kwana, a bayan kwanar kwazazzabo wanda ko akuya ba ta wasa da bakinsa. A daidai inda gangaren ya fara akwai wani tsoho mai gyaran keke a gindin mangwaro. Malamin ya tsaya a ƙara masa iska kawai. Tsoho ya sa iska, ya girgiza keken, ya karkata kunne, sannan ya tambayi wanda ya haɗa shi. Ga mutane zaune a benci suna kallo, sai malamin ya ce ai haka ya zo daga kamfani. Tsoho ya ce a cire leda ya duba, malamin ya ce sabo ne fil, me za a duba? Tsoho bai ja ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma kan facinsa.

Malamin ya tura keke har bakin gangare, ya ɗora ƙafa a feda. Ya sa hannu a aljihu zai ɗauko hankici ya goge zufa, sai yatsunsa suka ci karo da notin. Ya dubi kwanar can ƙasa, ya dubi notin. Komawa abin kunya ne, ya riga ya yi ƙarya a gaban jama'a. Duk da haka ya juyo da keken, ya zo ya ajiye notin a tafin hannun tsoho, ya ce, "Baba, ni na haɗa shi, wannan ya rage."

Tsoho ya jawo keken gabansa. Ya sa reza ya farke ledar da ta rufe tsakiyar tayar gaba. Gefe ɗaya babu noti sam, ɗaya gefen kuwa da yatsa ya kwance shi. Ya ɗaga kan keken sama, ya mari tayar sau ɗaya, sai ga ta ta fice, ta dira ƙasa, ta kama gangare ita kaɗai. Kowa ya miƙe. Ta yi ta gudu tana tsalle a kan duwatsu, ta kai kwana ba ta karya ba, ta wuce kai tsaye cikin kwazazzabo. Malamin ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa, yana dariya yana share hawaye, babu abin da ke fita daga bakinsa sai Alhamdulillahi.

Da kansa ya gangara a ƙafa ya tsamo tayar daga cikin ƙaya. Tsoho ya miƙe ta, ya mayar, ya ɗaure notunan tamau. Ya tsiraita keken kaf, ya gwada birkin gaba da na baya, ya ƙara ɗaure kai da feda, ya daidaita sirdi da tsawon ƙafar mai shi, sannan ya sa shi ya zagaya mangwaro sau uku yana kama birki. Sai bayan la'asar malamin ya isa kasuwa, ta fara watsewa, keken ba leda, ga ƙarzuwa a jikin taya, babu wanda ya ce masa barka da sabon keke. Amma a duk kasuwar nan babu wanda ya kai shi farin ciki, don da ya biyo ta kwanar ya leƙa ya ga inda da zai kwana.

To ka koma wurin likitan nan ka fito masa da abin da ke aljihunka. Hausawa sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.