Sharifu Bai Koma Jami'a Ba

Hutun farko ya ƙare, Zahara'u na tashar Dungas za ta koma Damagaram, sai ga saurayinta Sharifu ya iso, ba jaka. Saboda shi ta zaɓi karatun kasuwanci bayan bak, don kada jami'a ta raba su.

"Ba zan koma ba," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Karatun ya ƙi shiga, garin ya ƙi karɓa ta. Ki zauna, a ɗaura mana aure da kaka."

Ta daɗe ba ta ɗago ba. "Don kai na fara, Sharifu. Yanzu kuwa ni nake so."

Da kansa ya buɗe mata ƙofar mota. Sai da suka bar gari ta ja mayafi ta rufe fuska.