Hoton Zuciyar Amara

Sai da nas ta kira "Amara Uzodinma" sau biyu kafin budurwar ta miƙe.

Fayil ɗin ya yi kauri. Talasimiya ce, ciwon da ke hana jiki yin isasshen jini. Shekara ashirin ana ƙarin jini duk wata, kowace leda kuma tana barin sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya. Yau na'urar MRI za ta auna abin da ya taru. Saura wata biyu bikin Amara, dangin ango Collins sun ce sai sun ga takardar likita.

Ta kwanta, gadon ya zarce da ita cikin ramin na'urar, ƙara ta tashi kamar injin niƙa. Aka ce ta riƙe numfashi, ta riƙe. Nas har yaba ta ta yi, wai rabonta da ganin mai wannan ciwo da ƙarfin ƙirji haka ta manta. Gumi ne kawai ke bin wuyan budurwar.

Bayan kwana uku ta koma asibitin a Samaru. Dokta Henry, wanda bai fi mako biyu da karɓar sashen ba, ya tarbe ta da fara'a.

"Gwajin jinin watan jiya ya ce ƙarfe ya yi miki yawa. Hoton nan kuwa tas ya fito."

"Likita, ko na'urar ta yi kuskure?"

"Sakamakon gwajin jini, ko zazzaɓi ma kan ɗaga shi. Na'urar kuwa naman hanta da zuciya take dubawa kai tsaye. Mu biyu muka karanta, amsa ɗaya. Na fi yarda da ita." Ya ja biro. "Ki daina maganin cire ƙarfe. Shan sa babu dalili yana taɓa ƙoda."

"In da ƙarfen yana nan aka daina fa?"

"Zuciya ce za ta tsaya, ba sallama. Amma ke ina ruwanki da wannan? Allah ya sanya alheri a bikin."

Daga Samaru har Sabon Gari ba ta san inda keke napep ya bi ba. Ta ninke takardar, ta buɗe, ta sake ninkewa. Sau biyu ta buɗe baki ta ce wa direba ya juya asibiti, sai ta fasa.

A gida ta tarar da yayarta jingine da filo uku, ƙafafu a kumbure, numfashi na fita da kyar.

"Princess, kin samo min takardar?" in ji Amara, tana miƙo hannu mai cike da tabon allura. "Ai na faɗa miki ba wanda zai gane ke kika shiga na'urar."