Wan da Ya Aske Zomayen Ƙaninsa

Tun ɗazu nake jin ka, Tanimu, kana ta ƙunƙuni wai masu ciniki sun koma shagon maƙwabcinka. Matso kusa in ba ka labarin wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙani, waɗanda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Wan shi aka sani da kiwo a unguwar. Akuya ta ƙi cin abinci, a kira shi. Tunkiya ta kasa haihuwa, a kira shi. Sai ƙanin, wanda ko ɗan tsako bai taɓa kiwatawa ba, ya je birni ya dawo da zomaye masu dogon gashi, farare sol, in sun kwanta sai ka ce an zube auduga. Ya yi musu keji a gindin darbejiya, ya binne tsohuwar randa a jiƙaƙƙen yashi suna shiga suna shan sanyi. Matarsa takan taje su, ta tara gashin, ta kaɗe shi da mazari, ta saƙa wa jarirai hula da safa. Kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗauka. Mata da yara su wuce ta ƙofar wan, da ƙyar a yi masa sallama, kowa na sauri ya je kallon zomaye. Abin ya tsaya masa a rai. Ya sayar da tunkiyarsa ya sayo irinsu, har sun fi na ƙanin girma, amma duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Au, irin na ƙaninka ne?" Kai, wannan magana ta fi mari ciwo a wurinsa.

Ana nan bazara ta kama, sai aka yi wa matar ƙanin rasuwa a garinsu. Za su tafi ta'aziyya, wa za a bar wa zomaye in ba Yaya ba? Ya karɓi amana yana murmushin da bai wuce leɓe ba. A lokacin gashin zomayen ya kai matuƙa, don ƙanin ya daɗe yana tattalinsa, ya hana a taɓa, yana jira ya ƙara tsawo. Wan ya je ba su harawa, ya tsaya yana kallonsu, zuciyarsa na tafasa. Sai ya koma gida ya ɗauko almakashi. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su ya aske tas, suka koma kamar gafiyoyi, kunnuwa zalau-zalau, abin dariya abin tausayi. Gashin bai ɗauka ba, ya cusa shi a kwando ya ajiye musu, don shi ba ɓarawo ba ne, mahassadi ne kawai. Har ya tanadi abin faɗa: zai ce gashin ne ya cukurkuɗe. Sannan ya ciccibi nasa kejin daga inuwar cikin gida ya kai ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, inda duk mai wucewa dole ya gani. Ya taje nasa zomayen, ya gyara su, ya zauna a gefe yana fifita, yana amsa gaisuwa. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

To, ka san zafin nan da kan zo gab da saukar ruwan fari, wanda ko kaza sai ta saki baki. Zomo kuwa ba ya gumi irin namu, in zafi ya kama shi sai haki. Balle mai gashi, wanda ke yawo da bargo a jikinsa. Wan ya san haka sarai, mai kiwo ne fa, amma ina! Ido ya rufe. Da tsakar rana kwano ya ɗau wuta, zomayensa suka mimmiƙe, kunnuwa jajur, baki na dalala. Ya ga alama, ya ce bari a sakko daga masallaci mutane su gani tukuna, sai ya mayar da su ciki. Kafin la'asar babu mai motsi a cikinsu. Ya yi ta yayyafa ruwa, yana jijjiga su, yana salati, aikin gama ya gama. Na ƙanin kuwa, askakkun nan, suna cikin randarsu suna tauna ganyen dankali, ko a jikinsu.

Da ƙanin ya dawo ya ga nasa a raye, ya ji abin da ya sami na wansa, sai ya fito ƙofar gida, gaban jama'a, ya durƙusa har ƙasa da hawaye a idonsa. Ya ce, "Yaya, ni ban san ana aske su in zafi ya zo ba. Ka tsaya ceton nawa har naka suka mutu. Da me zan biya ka?" Unguwa ta ɗauki yabo, ana ta sa masa albarka, ana cewa ɗan'uwa rabin jiki. Washegari ƙanin ya kawo masa biyu daga cikin askakkun, mace da namiji, ya ce ya sake iri. Wan ya miƙa hannu ya karɓa, ba halin ya ƙi, ba halin ya faɗi gaskiya. Haka ya ci gaba da ciyar da su safe da yamma, yana kallon sawun almakashinsa a bayansu.

Saboda haka, Tanimu, tashi ka je ka buɗe shagonka, ka bar na mutane. Ba banza ba Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.