Dashen da Ya Saba da Inuwa

Shekara tara rabona da garin nan. Na tarar an rufe rijiyar bakin kasuwa, an sare tsamiyar tasha, gidan marayun da na tashi a ciki ma an yi masa fenti. Baba Tanimu mai gadi kaɗai na samu yadda na bar shi, sai dai haƙora sun ragu. Shi ya gaya mini saura wata uku a sallami Sadisu, yaron da muka kwana ɗaki ɗaya, ga shi ba dangi ba sana'a. Na ce ba komai, ranar fitarsa zan aiko masa da katifa da sutura.

Baba ya ce, "Kai ma ai da katifa ka fita, ɗana. Ina ta kai ka? Zauna ka ji."

Ya ce wani manomi ne ya reni 'ya'yan mangwaro a ƙarƙashin rumfa, ban ruwa safe da yamma, ko kaza ba ta kusantarsu. Ranar dashe ya kwashe su zuwa gona, ya zuba wa kowanne tulu uku, ya yi addu'a ya juya. Kafin kasuwa ta zagayo rana ta ƙone su, don ba su taɓa saninta ba. Maƙwabcinsa kuwa tun saura wata guda ya fara fito da nasa hantsi, yana mayar da su inuwa, yana rage musu ruwa kaɗan-kaɗan. Da ya dasa su ya kewaye su da ƙaya, bai daina leƙa su ba sai da suka ga damina. Yau jikokinsa ke shan inuwarsu.

Na tuna daminata ta farko a tashar Fatakwal, da wanda na sayar wa katifar.

Washegari na kai Sadisu wajen kafintan da ya koya mini aiki a ƙarshe, na damƙa shi hannu da hannu, na bar masa zartona da lambar wayata. Yanzu ga ni ina ɗaure jaka, ƙafata ta soma ƙaiƙayi kamar kullum. Baba ya leƙo, ya ga jakar ta rage nauyi, ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani ko? Ba a fafe gora ranar tafiya."