Layin Buɗe Ido

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a muka taso daga Kahu zuwa bakin dam ɗin Tiga, inda Baba ya samu wurin suyar kifi. Duk Asabar motoci na sauke baƙi daga Kano, su jeru suna kallon ruwa, ba wanka ba wanki. Na tambayi Baba me suke nema. Ya ce, "'Yan yawon buɗe ido ne."

To, kakata Iya yanar ido ta rufe mata gani tun muna Kahu. Da la'asar na kama sandarta, ban gaya wa kowa ba, na ja ta har gaɓa. Na tari wata Hajiya mai baƙin gilashi na ce, "Hajiya, ina ake bin layin buɗe idon? Ke naki ya buɗe?"

Wurin ya kwashe da dariya, ban da Iya. Ta ce, "Ja'ira, dama abin da kika jawo ni ke nan? To tunda mun zo, faɗa mini me suke gani."

Sai a lokacin na duba da kyau. Na gaya mata kwalekwale, da balbela tsaye da ƙafa ɗaya, da rana ta zube a ruwa kamar manja. Ta ce, "Ƙara."

Sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamar ta ce ta zo ta buɗe mana ido. Na ce, "Malama, koya mana karatu kawai. Nawa idon makauniya ta riga ki buɗewa."