Jakar da Wanzami Bai Gani Ba

Kai da kake ganin hannunka ya faɗa a kan sana'arka, matso in ba ka wani misali. An yi wani wanzami a wani ƙauye, shekara talatin yana rataye da zabira. Ƙaho, kaciya, cire beli, sakiya, babu wanda ya gagare shi, har mutanen garin kan ce maruru in ya hango shi da kansa yake fashewa. Wata damina sai matarsa, uwar 'ya'yansa, ta ce tana jin nauyi a muƙamuƙinta na hagu, can wajen haƙoran ƙarshe. Babu zafi, kumburi ne kawai kamar ta ɓoye goro a kumatu. Ya taɓa ya ji wurin yana lotsawa, ya sa ƙarfen sakiya a wuta, ya huda ta cikin baki. Wani ruwa mai kauri kamar kindirmo ya fito, kumburi ya sace, kowa ya ce aiki sai mai shi. Damina na zagayowa kumburi ya dawo. Ƙanin matar ya zo ya durƙusa, ya roƙa a kai ta asibitin birni. Wanzami ya ji maganar kamar mari. Ina! A ce matar wanzami aka ɗauka aka kai wani ya sa mata wuƙa, gobe wa zai kawo masa ɗansa? Ya sake hudawa, shekara ta uku ma ya sake. Ita kuwa baiwar Allah, haƙoranta biyu suka fara girgiɗi, leɓenta na ƙasa ya mutu har ba ta jin zafin kunu, amma ta ɓoye abin, don kada a ce ta raina hannun mijinta. Ran nan tana zaune tana tauna aya, sai ƙas, ƙashin ya karye.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna wa wanzami, ga muƙamuƙi ya zama holoƙo kamar itacen da gara ta cinye ta ciki. Ya zaunar da shi ya yi masa bayani ba tare da faɗa ba. Ruwan da yake ta zubarwa ba shi ne ciwon ba. A cikin ƙashin akwai wata jaka mai fata siririya, ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, ita ce take tara ruwan. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da umarni a cikinta, na lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya, su kuwa ƙwayoyin wannan jaka umarninsu na tsayawa ne ya lalace. Shi ya sa ko guntu kamar ƙwayar gero aka bari, sai ya sake gina jakar sabuwa fil, wani sa'in har da 'yan ƙanana a gefe. Maganinta a buɗe ƙashi a ɓare ta ɗungurungum, a kankare gurbin, a shafa masa magani mai ƙone abin da ya rage, sannan mutum ya yi ta dawowa ɗaukar hoto shekara da shekaru, ko da yana jin garau. Da an kawo ta tun kumburin farko, da abin da za a yi ke nan, ta koma gida da haƙoranta. Yanzu kam babu makawa, sai an yanke rabin muƙamuƙin an sa ƙarfe a gurbinsa.

Wanzami ya fito ya zauna a gindin bango, ya dubi hannayensa ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa. Wallahi abin tausayi ne. Ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba ne, sakiyarsa ta warkar da ɗaruruwa. Abin da ya sani ɗin ne ya ɗaure shi, ya hana shi tambayar abin da bai sani ba. Matar ta rayu, amma tuwo da nama sun fi ƙarfinta, magana ma sai an kasa kunne. Kullum da safe shi yake dama mata kunu da hannunsa, ya ba ta da ludayi kaɗan-kaɗan, ya goge abin da ya zubo ta gefen bakin da ba ya ji. Har yau ba ta taɓa ce masa laifinka ne ba, shi kuwa ya gwammace ta faɗa ya huta.

To, ka dai ji. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.